Ɗaki a Bayan Hilux: Aikin da Kawuna Ya Yi Sau Biyu a Daura

Kawuna ya shekara 35 yana aikin lafiyar dabbobi. Ya zagaye rugage da kasuwannin shanu daga Mai'aduwa zuwa Zango da Ɓaure, kuma duk tsawon lokacin nan bai taɓa kwana inda shi ya zaɓa ba. Yau zauren mai gari, gobe bencin ofis, wata rana a zaune cikin mota har asuba. Da ya ajiye aiki a 2022 sai ya cire wani abu daga kuɗin sallamarsa ya sayi Toyota Hilux ta hannu, mai ƙofa huɗu, mai jan tayoyi huɗu, injin fetur na lita 2.7. Ya ce ɗaki zai gina a bayanta, shi da Hajiya su ga ƙasa: fadamar Nguru lokacin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai, Yankari, Gembu a saman tsaunin Mambila, sannan Damagaram inda dangin mahaifiyarsa suke.

Ni ya ɗora wa riƙe littafin kuɗi da awo, shi ya sa nake da abin da zan rubuta. An yi aikin sau biyu. Na farko ya ci wata uku ya tashi a banza, na biyu shi ke kan motar har yau.

Abin da aka fara ginawa

A Katsina muka kai motar, wurin wani mai walda da ya yi suna wajen ƙofofin gida da bodin manyan motoci. Kawu ya nuna masa hotuna a waya, irin na mutanen Ostareliya da Afirka ta Kudu. Mutumin ya duba, ya zagaya motar, ya buga bayanta da tafin hannu.

"Alhaji, wannan ai ba wani abu ba ne. In na yi maka shi, jikokinka ma sai sun gaji da shi."

Maganar ta yi wa Kawu daɗi, ni ma ta yi mini. A wurinmu aikin ƙwarai shi ne mai kauri, wanda in ka ɗaga sai ka yi nishi. Da wannan tunani aka sayo fayif mai inci biyu da angil irin na ƙofar gareji, aka lulluɓe da filet na baƙin ƙarfe, kafinta ya shimfiɗa falanki mai kaurin milimita 18 a ƙasa da bango da gado da kabad. Kowane fallen falankin nan ya haura kilo 30, mun kuwa sa bakwai. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu gajere ne, tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, mutum ba ya miƙe ƙafa a ciki. Sai aka kwantar da murfin baya aka ƙara tsawon ɗakin da fiye da rabin mita. Kawu na so ya tsaya cak a ciki ya sa riga, aka ɗaga rufi har motar ta kusa mita uku daga ƙasa. Daga ƙarshe mai walda ya liƙe ƙafafun ɗakin da jikin shasi, wato ƙashin ƙarfen da motar ke zaune a kai, ya ce ko girgizar ƙasa ba ta raba su.

Aka zo kan kaya. Duro na ruwa mai lita 200, aka ajiye shi daf da ƙofar baya don famfon ya zo kusa da hannu. Batir biyu irin na inbatar gida, kowanne 200Ah (Ah ma'aunin wutar da batir ke riƙewa ne), kowanne na neman kilo 60. Ƙaramin firji na ɗaki. Safaya ta biyu da jarkoki uku na mai, duk aka rataye su a jikin ƙofar baya ta waje. Aka yi fenti ruwan ƙasa mai duhu, wai kada datti ya nuna.

Duk cikinmu babu wanda ya tambayi kilo nawa motar ke iya ɗauka. Ba na ɗora wa mai walda laifin shi kaɗai. Ya yi abin da ya saba, kuma a aikin ƙofa nauyi ba aibu ba ne. Mu da muka kawo aiki ba mu ba shi lamba ba.

Hanyar Nguru

Farkon Fabrairun 2023 muka fita gwaji mu uku, ni da Kawu da wani ɗansa, ta Ɓaure da Babura da Gumel. Tun kafin mu bar Daura na ga bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama. A kan kwalta sitiyari ya yi sakayau kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa sosai. In tirela ta wuce mu, iskarta sai ta ture mu gefe. A wata kwana Kawu ya taka burki saboda awaki, motar ta ci gaba da tafiya fiye da yadda ya saba, ya yi salati da ƙarfi. Mai kuwa, motar da take yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya ta koma 6.

Bayan Haɗejiya muka sauka daga kwalta muka kama hanyar birji mai gargada, za mu ƙauyen wani tsohon abokin aikinsa. Ba mu yi awa ɗaya ba muka ji ƙara kamar an karya itace. Motar ta karkata hagu. Na shiga ƙasa da tocila: babban ganyen sifirin ya rabu biyu daidai kusa da idon da ke maƙale shi da shasi, shokazoba na zubar da mai. Da na haska sama, sai ga tsaga siririya kamar gashi a inda aka yi waldar ƙafar ɗakin da shasi, fentin wurin ya ɓantare.

Buɗe ƙofar ɗakin ya fi komai karya mana gwiwa. Jar ƙura ta rufe katifa, ta shiga tukunya, ta shiga cikin Alƙur'anin Kawu da ke cikin gafaka a kabad. Firji ya mutu tun rana, batir sun sauka. Wata waya da aka zura ta ramin fayif ba tare da roba ba ta goge, ta fara narkewa, babu fis ko ɗaya a layin. Allah ne kawai ya tsare, don tukunyar gas na gefenta.

Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ƙaranci, tiransifa kuma ba ta tafiya a ƙauyen. Kwana biyu muka yi kafin a samo sifirin na hannu a biya bakanike. Shi ne ya ce wa Kawu, "Baba, a ƙara mata ganye uku kowane gefe, za ta miƙe tsaf." Kawu bai ce komai ba. Da muka juyo, ya zubar da ruwan duron gaba ɗaya, muka dawo gida a hankali.

Sikeli

Ra'ayin Kawu ne mu auna ta. Ya ce shekara 35 bai taɓa yi wa sa allura ba sai ya ƙiyasta nauyinsa, ta yaya zai ɗora wa mota kaya da ka. Muka roƙi wani kamfanin casar shinkafa mai sikelin manyan motoci, muka cika komai yadda muka fita da shi, muka zauna ciki mu uku.

Kilo 3,210. Takardar motar ta nuna iyakar abin da aka yarda ta kai, ita da kaya da mutane da mai, wajen kilo 2,800 ne. Mun haura da sama da 400.

Mai sikelin ya ce mu hau da tayoyin baya kawai. Kilo 2,080. Ke nan gaba na ɗauke da 1,130, kusan abin da take da shi ba kowa a ciki, alhali mutum uku na zaune. A nan abin ya fito fili. Duk kayan da aka ɗora bayan tayoyin baya suna aiki ne kamar mutum ya danna ƙarshen tabarya da aka ɗora a kan dutse: can ya sauka, nan ya tashi. Duron ruwa da safaya da jarkoki, kusan kilo 300, duk a can ƙarshe suke, kuma kowane rami sai ya ninka bugun da suke yi. Mota mai ƙofa huɗu ta fi shiga wannan haɗari, domin ɗakin fasinja ya cinye tsakiyar motar, rabin bodi na bayan taya. Irin wannan lodi ne ke lanƙwasa shasi daidai tsakanin kai da bodi.

Na duba jikin taya. Lamba 110 ce a rubuce, ma'anarta kowace taya kilo 1,060 ne iyakarta. Muna ɗora wa kowace ta baya 1,040, a hanyar gargada, kuma tayoyin na hannu ne. Lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar da aka yi taya sun nuna sun haura shekara bakwai.

Wannan ya sa muka ƙi shawarar ƙarin ganye. Ƙarin sifirin na ɗaga bayan mota ido ya ga ta miƙe, amma burki na nan yadda yake, haka boris da aksul da taya da shasi. Na sha ganin akori-kura da aka yi wa haka tana ɗaukar buhu ashirin zuwa kasuwa, to waccan tafiyar awa biyu ce, kuma mun san yadda wasunsu ke ƙarewa. Mai niyyar hawa Mambila da iyalinsa ba zai yi wannan caca ba.

Da aka kwashe kaya muka sake hawa, sannan aka yanke ɗakin aka sauke muka hau na uku. Motar ita kaɗai da tanki cike kilo 1,900. Ɗakin, ba komai a ciki, 520. Abin da muke da shi tun farko kilo 900 ne, mun kashe fiye da rabi a kan bango da rufi.

Aiki na biyu

Damina ta same mu a kai. A tsakanin nan abubuwa biyu sun faru. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai shan man motar ya zama babbar magana. A ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, tafiyar Damagaram ta tsaya. Gaggawa ta kau, kuma hakan ya yi wa aikin amfani.

Wurin mai waldan nan muka koma, Kawu ya ce shi ya san motar. Amma wannan karon da takarda muka je, da sikelin rataya irin na masu awon hatsi. Ɗaki kada ya wuce kilo 260. Duk abin da zai hau mota sai an rataye shi an rubuta. Mutumin ya ɗan ji haushi da farko.

"Alhaji, da wannan siririn fayif ɗin? Mutane za su ce ban iya aiki ba."

"Malam, ni zan kwana ciki, ba mutane ba. Ka yi mini yadda na ce, in ya karye ni na jawo."

Daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano muka sayo fayif mai inci ɗaya, mara kauri, da fallayen alminiyam. Alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Masu waldarsa ba su da yawa a wajenmu, kuma in ya tsage a ƙauye babu mai gyara maka, don haka aka yi ƙashin ɗakin da ƙarfe, aka lulluɓe da alminiyam da ribit da gam. Ƙarfin ya fito ne daga sandunan da aka gicciya a kusurwoyi, ba daga kauri ba. Falanki ya koma milimita 9, sai gado kawai aka sa 12. Tsakanin bango aka cusa farar kumfa mai kaurin santimita 5, irin wadda ake samu a kwalin firji.

Tsawon da aka ƙara a baya aka yanke shi. Wurin kwana ya koma sama, ya miƙa kan rufin direba. Rufin kansa aka yi shi mai ɗagawa: in ana tafiya a kwance yake, motar ba ta wuce mita biyu da 'yan kai ba, in an tsaya a kwance maƙullai huɗu a tura shi sama, bangon tamfol ya miƙe. Wani mai ɗinkin kujerun mota a Daura ya ɗinka tamfol ɗin da tagogi uku masu ragar sauro, kuma aikinsa ya fi na kowa kyau a motar nan.

Tsagar shasi aka gyara ta da faci a wurin mai gyaran manyan motoci, aka daina batun walda. Shasin mota yana murɗawa in taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, haka aka yi shi. Akwatin da aka liƙe masa ƙam ba ya murɗawa, to dole ɗaya ya tsage. Yanzu ɗakin na zaune cikin bodi a kan gammon roba da aka yanko daga tsohuwar taya, noti shida ke riƙe da shi. Mutum huɗu na sauke shi cikin awa ɗaya in Kawu na son ɗauko taki.

Ruwa ne muka fi yin gardama a kai. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba ragi. Kawu na tsoron ƙishi, ya san daji. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce a gwada a gida. Kwana uku ita da shi suna sha da girki da alwala da wanka na buta daga jarka, ina rubutawa, ya kama wajen lita 25 a rana. Ta ce, "Alhaji, ina za mu da za a kwana uku ba a ga rijiyar burtsatse ba? Ba Agadas za mu ba." Aka tsaya a lita 80, jarka huɗu masu lita 20, don in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba.

Inda aka ajiye su shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a aikin nan. An cire kujerar baya. Wurin ne tsakiyar mota, ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, can ya kamata duk abu mai nauyi ya zauna: ruwa, batir, akwatin sifana da jak, firji. Motar ta koma ta mutum biyu. Kawu ya so ya riƙa ɗaukar jikoki su ga ƙasa, ya daɗe yana kallon kujerar a jingine a zaure kafin ya ce a kai ta ɗaki.

Firji ba don ruwan sanyi ba ne kawai. Har yanzu in ya sauka a ruga sai an kawo masa dabba, kuma yawancin alluran rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firjin gida ta inbata ɓarnar wuta ne. Aka sayi na mota mai aiki da 12V kai tsaye. Lissafinmu na rana, firji da fanka biyu da fitilu da cajin waya, ya kama wajen 75Ah a lokacin zafi. Batirin ruwa rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, ga gargada na wahalar da shi. Na litiyam ɗaya mai 200Ah bai kai kilo 25 ba, kuma ana cin mafi yawansa. Shi ne abu mafi tsada a aikin gaba ɗaya, sai da aka sayar da tsofaffin biyun da filet ɗin da aka yanke aka cika. Ya cire mana kusan kilo 100. Ba ya son zafi, shi ya sa yake cikin mota ba jikin bango ba. Fis na nan daf da kansa, kowace waya da ta ratsa ƙarfe an sa mata roba.

Faifan sola biyu na kan rufi, an ɗaga su da tazarar yatsu uku iska na bi ta ƙasa, sun zama inuwa. Fenti ya koma fari. Duk da haka, wanda ya san Afrilu a ƙasar Katsina, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ya san ba kumfar da za ta sa a yi barcin rana cikin akwati. Rumfar tamfol da ke buɗewa a gefe ita ce falo da masallaci da kicin. Ba a girki a ciki sam. Murhu na cikin aljihun da ake jawowa waje, tukunyar gas mai kilo 6 na cikin akwatinta mai huji a ƙasa, don gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake bi. Hajiya ta sa aka ɗinka wani ɗan shinge na tamfol mai ninkewa don wanka da kama ruwa. Mu maza uku mun yi wata uku muna aikin farko, ko sau ɗaya hakan bai zo mana ba.

Ƙura kuwa, mota in tana gudu bayanta zuƙo iska yake yi, duk ƙaramar kafa sai ta ja ƙura ciki. Aka sa robar ƙofar mota a bakin ƙofa, aka buɗe wata 'yar kafa a gaban ɗakin sama tana kallon gaba, aka sa mata matatar iska ta mota. Iska mai tsabta na shiga ta cika ɗakin tana turo ta waje.

Da sababbin tayoyi da sifirin da shokazoba, da Kawu da Hajiya a ciki da kayan sati biyu, sikeli ya nuna 2,630.

Kwana da shingaye

Hotunan da Kawu ya gani na masu kwana su kaɗai a tsakiyar daji ba namu ba ne. Wanda ke zaune a jihar da ake fama da 'yan bindiga a yammacinta, wajen Jibiya da Batsari da Safana, ba sai an gaya masa ba. Ƙa'idarsa ita ce kafin la'asar ta yi sanyi ya isa gari, ya nemi mai gari ko dagaci ya gaishe shi ya faɗi ko shi wane ne, a nuna masa inda zai tsaya, galibi gefen masallaci ko ƙofar fada. Ba ya tuƙin dare. Kafin ya kama hanyar da bai sani ba sai ya shiga tasha ya tambayi direbobi.

Farin fenti ya yi amfani a nan ma. Mota mai launin kaki da akwati a baya na sa mutanen ƙauye fargaba, jami'an tsaro kuma su tsananta. Bai sa baƙin gilashi ba. A shinge, da an ce "Baba, mene ne a baya?" sai ya sauka da kansa ya buɗe, su ga katifa da buta da darduma.

A Disambar 2023 suka koma Nguru ta hanyar da ta karya mu, suka wuce Yankari suka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Shekarar da ta biyo suka hau Gembu. Mai ya tsaya wajen kilomita 7 da rabi a lita. Ribit goma sha ɗaya suka saki a tafiyar Mambila, tamfol ya yi yoyo a kusurwa ɗaya, kuma sanyin can ya sa sun sayi bargo na biyu. Da hunturu sai an goge sola kowace safiya, in ba haka ba batir ba ya cika. Ƙura har yanzu tana samun hanya ta ƙasan ƙofa, ba kamar da ba, amma Hajiya na naɗe katifa cikin leda kafin a tashi.

Najeriya ta buɗe iyakarta da Nijar a Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kawu ya sabunta fasfo da katin rigakafin shawara, yana bin direbobin da ke bi ta Kwangwalam suna gaya masa abin da ake tambaya a kan iyaka a wannan watan. Hajiya na son a kai wa dangi buhun shinkafa biyu. Kilo 100 ke nan daga cikin 170 da suka rage, kuma ya ce a bayan kujera za su zauna, jarka biyu su koma gida.